A Bar Ɗan Tsako Ya Fasa Ƙwansa da Kansa

Wata ɗabi'a ta shigo wa masu kiwon kaji a bayan gida a nan Owendo, kuma gaskiya ta ishe ni. Da zarar ƙwai ya cika kwana 21, aka ga ɗan tsako ya huda ɓawo ya yi shiru, sai mutum ya sa farce ko tsinke ya hau ɓare ƙwan, wai shi mai ceton rai. Hujjar ita ce ɗan tsakon ya gaji, idan aka ƙyale shi zai shaƙe ya mutu. Ga kuma bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp da TikTok, inda za ka ga an ɓare ƙwai cikin minti guda, ɗan tsako ya miƙe garau. Waɗanda suka mutu a tafin hannu kuwa, ba mai ɗaukar hotonsu.

Gabon ta daɗe tana dogara da kajin ƙanƙara da jiragen ruwa ke saukewa a tashar Owendo. A ƙarshen watan Mayun 2025 majalisar ministoci, ƙarƙashin Shugaba Brice Clotaire Oligui Nguema, ta yanke cewa daga 1 ga Janairun 2027 an hana shigo da kajin nama daga waje. Tun daga nan mutanenmu a unguwannin Akournam da Awoungou da Alenakiri suka fara kafa akurki, wasu har da sayen ƙaramin injin ƙyanƙyasa. Abu ne mai kyau. Amma wanda ya sa kuɗinsa a ƙwai, ya kamata ya san abin da ke gudana a cikin ɓawon.

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa 26 zuwa 28, na agwagwar gida irin tamu yakan kai 35. Sai dai wannan lissafi ba ƙararrawar makaranta ba ne. Idan zafin injin ya ɗan gaza, ko an yi ta ɗauke wuta, ko ƙwan ya jima a ajiye kafin a sa shi, ƙyanƙyasa takan kai kwana 22 har 23. Saboda haka wanda ya ɗauki tsinke ranar 21 da hantsi, ya ma fara da kuskuren lissafi.

Sai batun shaƙewa, wanda shi ne ƙashin bayan jita-jitar. A gefen ƙwai mai faɗi akwai wani ɗan fili na iska tsakanin ɓawo da tantani. Wajen kwana na 19 zuwa 20 ɗan tsako yakan soka bakinsa cikin wannan fili, ya fara numfashi da huhunsa a karon farko. Idan iskar wurin ta ƙare masa, sai ya sa ɗan ƙaramin tsinin da ke kan bakinsa ya huda ɓawon. Wannan hudar da kake gani, ita ce tagar numfashinsa. Ya riga ya sami iskar duniya. To ta yaya wanda bakinsa ke waje zai shaƙe?

Shirun da yake yi bayan hudar, wanda yakan ɗauki awa 12 zuwa 24, shi ne lokacin aiki mafi muhimmanci. Tantanin da ke lulluɓe da shi cike yake da jijiyoyin jini, domin da su ya yi ta shaƙar iska ta ƙofofin ɓawo tun yana gudan tsoka. Sai huhu ya kankama sannan jinin ke janyewa ya koma jikinsa, jijiyoyin su bushe. A daidai wannan lokaci kuma yana ƙarasa zuƙe ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa ta cibiya, sannan cibiyar ta rufe. Gwaiduwar nan ita ce guzurinsa na kwana biyu zuwa uku na farko. Idan ka yaga tantani kafin aikin ya kammala, ka tsinka jijiya. Ɗan tsakon da nauyinsa bai wuce giram 40 ba, ɗigon jini kaɗan ya isa ya kai shi lahira. In ma bai zubar da jini ba, ka fito da shi da gwaiduwa a waje tana reto, cibiya a buɗe, ƙwayoyin cuta su shige, bayan kwana biyu ciki ya kumbura ya yi wari. Kamar unguwarzomar da ta finciko jariri kafin naƙuda ta nuna ne.

Wasu kan ce ai uwar kaza ma tana fasa musu. Ku zauna ku kalle ta. Kwanciya take ƙara yi a kansu, tana ɗan kuka ƙasa-ƙasa suna amsa mata daga cikin ɓawo, ko abinci ba ta son tashi ci a ranakun nan. Lulluɓewar da take yi ce ke riƙe ɗumi da laima. Mai inji kuwa, da ya ji tsiyau-tsiyau sai ya yi ta ɗaga murfi yana leƙe, yana kiran yara su zo su gani. Duk buɗewa ɗaya laima na tserewa, tantanin ƙwan da aka riga aka huda ya bushe ya manne wa ɗan tsako kamar leda, ya kasa juyawa. Daga nan sai mutum ya ce, “Kun gani ko, da ma na faɗa ba zai iya fita ba.” Alhali shi ya ɗaure shi da hannunsa.

Na taɓa shiga gidan wata dattijuwa maƙwabciyarmu na tarar da ita a tsugune da ƙwai a hannu, ta ɓare kusan rabinsa. Tantanin ya yi jajir, jini na bin yatsanta, ɗan bakin yana buɗewa yana rufewa kamar mai tauna. Na ce, “Hajiya, don Allah dakata haka, bai gama shan gwaiduwarsa ba.” Ta ce, “Ɗan nan, tun asuba yake kuka, tausayi ya ba ni.” Muka mayar da shi ƙarƙashin uwar, amma kafin la'asar ya mutu. Sauran ƙwayayen da ba ta taɓa ba, washegari duk suka fito da ƙafafunsu. Niyyar Hajiya mai kyau ce, sai dai garin neman gira an rasa ido.

Ba ina cewa haramun ne a taimaka ba. Akwai lokacinsa, kuma alamominsa a fili suke: an cika awa 24 da huda ba wani ci gaba, ko ya fara zagaye ɓawon yana tsaga shi sai ya tsaya cik na awanni, ko tantanin da ke bakin hudar ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ɗan tsakon na ta tsala kuka da ƙarfi. Wanda ya huda ta gefen tsini, wato ya kwanta a juye, shi ma a tabbata bakinsa na samun iska, a ƙara masa lokaci fiye da 'yan'uwansa.

Idan taimakon ya zama dole, ga yadda ake yi. A wanke hannu da sabulu, a shiga ɗaki mai ɗumi, a kashe fanka. A sa hantsaki mai tsabta a riƙa ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan daga bakin hudar zuwa gefe mai faɗi, ɓawon kawai, ban da tantani. A jiƙa auduga da ruwan da aka tafasa ya huce ya zama mai ɗumi, ko ɗan man kwakwa, a shafa wa tantanin, a kiyaye kada ya shiga hancinsa. Jiƙawar za ta sa a ga abin da ke ƙasa. In an ga jajayen jijiyoyi, a tsaya nan take, a mayar da ƙwan, a dawo bayan awa uku ko huɗu. In jini ya ɓalle, a danna a hankali da tsumma mai tsabta, a mayar. Sai jijiyoyin sun koma sirara marasa jini sannan a buɗe tantanin daidai yadda kai zai fito. A bar masa rabin ɓawon na ƙasa ya tunkuɗe da kansa. Kada a ja shi, ko da wasa. In aka leƙa aka ga gwaiduwa a waje, a zaunar da shi da ɓawonsa cikin ɗan kofi, a mayar cikin ɗumi har ya zuƙe.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma a nan ne yanayin garinmu ya shigo. Shawarar da mai kiwo a Kano ko Maradi zai ba ka lokacin hunturu, cewa ka cika tiren injin da ruwa tun ranar farko, ba ta Owendo ba ce. Mu a bakin teku muke, ruwan saman da ke sauka a yankin Libreville a shekara ya kusa milimita 3,000, iskarmu jiƙe take. Ana son ƙwai ya rage kusan kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa kafin kwana na 18, domin filin iskar ya yi girma. Laima ta yi yawa, filin ya tsuke, ɗan tsako ya soka baki ya ci karo da ruwa. A riƙe zafi a digiri 37.5, laima kashi 50 zuwa 55 har kwana na 18, sannan a ɗaga zuwa 65 ko 70, a daina juya ƙwai, a rufe injin a cire hannu. A sayi ma'aunin laima na daban, kada a dogara da na jikin injin kaɗai. A haska ƙwai da tocilan waya cikin duhu ranar 7 da 14 da 18, a fitar da baragurbi kafin ya fashe ya ɓata saura. In an ɗauke wuta, a lulluɓe injin da bargo, kada a buɗe. Mai hali ya tanadi batir ko sola. Ƙwan da za a sa kada ya wuce mako guda, kada a wanke shi, a ajiye shi tsininsa na kallon ƙasa. Mai kaza mai kwanci kuwa, ƙwai 10 zuwa 12 sun ishe ta, a ɗaga mata gurbi daga ƙasa inda ruwa ba ya kwanciya, a yi wa ƙwayayen alama don kada wata kaza ta ƙara mata sabo.

Bayan sun fito, a bar su su bushe su yi gashi buzu-buzu kafin a kwashe. Ruwa ake fara ba su, a faranti marar zurfi da 'yan tsakuwoyi a ciki don kada su faɗa. Marasa uwa na son ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa kaɗan-kaɗan kowane mako. In sun cure ƙarƙashin fitila, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Dusar katako ta shimfiɗar akurki ba ta wuya a garin da ke fitar da katakon okume, amma a zaɓi mai gwari-gwari busasshiya, domin jiƙaƙƙiya na kawo funfuna mai kama huhu da kuma zawon jini. Masarar da ta yi funfuna guba ce, a zubar. A yi musu rigakafin cututtukan Niyukasil da Gumboro bisa tsarin likitan dabbobi, a daina farke kafson mutane ana zuba musu a ruwa. Ɓeraye da macizai da shaho da tururuwa, wannan aikin raga ne da rufe akurki da wuri.

Dabbar da ka tsare a gidanka amana ce a wuyanka, kuma tausayin da ba ilimi a cikinsa yakan zama cuta. Maigida ya tara iyalinsa, musamman yara, ya kafa doka: daga kwana na 18 ba mai ɗaga murfin inji, ba mai ɗaga kaza daga gurbi. A rubuta a takarda ranar da aka sa ƙwai da awar da kowanne ya huda, a manna a bango, domin in hannu ya fara ƙaiƙayi a duba agogo tukuna. Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.