Motar Injin Niƙa a Nima da Maamobi: Abin Da Ɗan Kasuwa Ya Kamata Ya Sani

Kafin asuba ta yi, ƙarar injinan nika-nika ta riga ta cika lungunan Nima da Maamobi a birnin Accra, domin masu koko da masu tuwo ba sa jiran hantsi. Da yawa daga cikin injinan nan motar lantarki ce ke juya su da bel, irin wadda Nikola Tesla ya yi wa rajista a Amurka a 1888.

Yadda take aiki ba boyayye ba ne. A jikin gangarta akwai kwayil na jan ƙarfe. Idan wuta mai layi uku ta shiga, sai ƙarfin maganaɗisu ya riƙa kewayawa a ciki. Dunƙulen ƙarfen da ke tsakiya ba waya ko ɗaya da ta taɓa shi. Maganaɗisun ne ke haifar da wuta a sandunansa, ya ja shi. Amma har abada ba ya kamo shi, domin da zai kamo shi, wutar sandunan za ta ɗauke, ƙarfin ja ya mutu.

Wutar Gana, kamar ta Nijeriya da Nijar, 50Hz ce. Don haka a mota mai fol huɗu, maganaɗisun yana juyi 1,500 a minti, ita kuwa motar wajen 1,440. Idan aka danna masara da yawa, tazarar nan sai ta ƙaru, motar ta ƙara jan wuta, ta ɗauki zafi.

A nan ne 'yan kasuwarmu na Aflao da Paga da Jibiya za su buɗe ido. Tsohuwar motar da ta fito daga Amurka, 60Hz aka ƙera ta. A wutarmu gudunta zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, kuma idan boltejin da aka rubuta bai dace ba, zafi zai cinye kwayil. Mu dai shawararmu, a karanta ƙaramin farantin da ke jikinta kafin a yi ciniki, a bar kallon fenti.

Sai matsalar wuta. Idan bolteji ya faɗi da kashi 10 cikin 100, ƙarfin juyinta na raguwa da kusan kashi 19. Mafi muni shi ne layi ɗaya ya ɗauke tana cikin aiki: za ta ci gaba da juyawa tana gurnani har ta ƙone. Wanda ya ga zamanin dumsor na 2015 ya san wannan warin. Na'urar da ke katse wuta idan nauyi ya yi yawa ba ta kai kuɗin sake naɗa kwayil ba, amma har yanzu muna ganin masu injin da ke haɗa waya kai tsaye.