KAFIN KA TURA SAƘON MAGANI, TAMBAYI ƊALIBIN GIDANKU

'Yan'uwa masu gida da iyaye mata na Ikara, Maƙarfi da Kudan.

Yau ba haɗin magani muka kawo muku ba. Magana ce a kan saƙonnin lafiya da ke yawo a wayoyinmu, da kuma yaran nan namu masu karatun lafiya da ke ƙoƙarin tare su.

Manya za su tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ebola. Cikin dare aka yi ta buga waya: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Cutar tana can Legas, amma har ƙauyukanmu an dafa ruwa. Gishiri ba ya kashe ƙwayar Ebola, abin da yake yi shi ne ɗaga jini, shi ya sa masu hawan jini suka fi jigata. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasu. Kuma duk wanda ya tura saƙon nan, da niyyar taimako ya tura.

Yanzu abin ya fi sauri, don murya ake ɗauka. Wani zai ce shi likita ne, ba suna, ba asibiti, ya haɗa da hadisi, sai zuciya ta kwanta. To a nan ɗalibanmu suke shigowa. Muna da makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, ga ABU Zariya da asibitin koyarwa na Shika. Da wuya ka rasa ɗa ko 'ya daga can a zauren WhatsApp na dangi. Idan saƙo ya shigo, sukan duba shafin hukumar NCDC ko su tambayi malaminsu, sannan su maido amsa da Hausa. Matsalar ita ce mu manya. Yaro ya ce Baba wannan ba haka ba ne, sai a ce ya yi boko ya raina mutane. Ai ba raini ba ne, abin da kuka biya kuɗin makaranta ya koyo ke nan.

Ku ɗauki zuma da habbatus sauda. Falalarsu ta tabbata, ba mai musu. Amma saƙon da ya ce mai ciwon suga ya ajiye maganin asibiti ya koma zuma zalla, wannan ƙari ne daga mai saƙon, zuma tana ɗaga suga. Haka jariri da bai cika shekara ɗaya ba, likitoci sun hana a ba shi zuma, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa da ita ba tukuna.

Sai mashaƙo, wanda ya addabi Kano a 2023 ya taɓa jiharmu. Yaro na zazzaɓi, maƙogwaro na ciwo, wuya ya kumbura, ka hango wata fata mai launin toka a ciki: asibiti kai tsaye. Kar a kira wanzami cire beli, kar a tsaya jiƙo. Fatar nan tana iya toshe numfashi, dafin kuma ya taɓa zuciya. Rigakafinsa yana cikin allurar Penta da ake yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14, kyauta. Mun san tsoron rigakafi yana da tushe, abin da ya faru da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba ƙarya ba ne. Amma dakatar da rigakafin shan inna a 2003 yara ne suka biya farashinsa, sai 2020 aka tabbatar mun rabu da asalin ƙwayar.

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin aiki da shi. Don haka idan saƙo ya zo da alamar kibiya biyu a samansa, ya ratsa hannaye da yawa ke nan, dakata. Wa ya faɗa? Yana sayar da wani abu ne? Magani ɗaya ne wai na cuta goma? Idan na kwalba ne, akwai lambar NAFDAC? Tura wa ɗalibin gidanku shi kaɗai, ka jira amsarsa. In abin ya fi ƙarfinsa, ma'aikacin asibitin unguwa na nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.