Bayanin Zaɓen Icce ga Masassaƙa da Kafintoci

Ya ku masu saye da sayarwa na Dabawa da Dutsin-Ma da Kurfi, ku sani icce iri-iri ne, kowane da aikinsa. Wanda bai san wannan ba sai ya biya kuɗin maɗaci ya kai gawo gida.

Na farko ƙirya. Ita ce ta turmi da taɓarya, ga nauyi ga tauri, gara ba ta cin zuciyarta. Amma tana dakushe gizago, shi ya sa masassaƙi ke ƙara ladan aiki. Marke na ƙotar fartanya ne da gatari. Aduwa ta allo ce, don namanta lumui ne, tana shan goga ta yi santsi.

Kafinta mai yanka ado da siririn zarto a jikin ƙofa ko allon gado, to maɗaci ya fi masa. Ja ne, taurinsa madaidaici, zarto na bin lanƙwasa ba gardama. Kanya ma ta yi, sai dai ta fi wahalar yanka. Kaurin katakon kada ya wuce rabin inci, in ya wuce bakin zarto zai yi zafi ya karye. Rimi da gawo kuwa taushi gare su, ado ba ya tsayawa, ga ƙwaro.

Maɗobiya ta yi tsada tun da aka dinga lodinta zuwa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da ba a fitarwa waje sai da takardar izini. In an yi maka tayinta da arha, ka bincika.

To, ga gwaji uku kafin ka biya. Ka ƙwanƙwasa, busasshe na amo, ɗanye kuwa sai dim. Ka kankare gefe da wuƙa, don akan shafa wa farin katako jan launi ya yi kama da maɗaci. Ka duba bakin katakon, in ya fara tsagewa ka rage kuɗi ko ka bar shi.

Ɗanye in ka saya, ka jera shi a inuwa da tsinke tsakanin kowane biyu. In ka shanya shi a rana da hunturu, sai ya dare ya kantare, uwar kuɗi da riba duk su tafi.

Haza wassalam.