Kyamara da Manhajar Tacewa: Inda Saɓanin Yake

Wannan bayani ya duƙufa ne a kan matsalar da ta daɗe tana ci wa ma'aikatan fim da talabijin tuwo a ƙwarya, wato rashin jituwa tsakanin abin da manyan kyamarori ke naɗa da manhajojin kwamfuta da ake tace shi da su. Hoto garau, wanda aka fi sani da HD, shi ne mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ko kuma 1280 da 720, kuma yawan ɗigon nan shi ne mafarin wahalar, domin hoton daƙiƙa ɗaya tak, muddin ba a matse shi ba, yana cin kusan megabit 1,500, nauyin da kaset ko katin ajiya na zamanin farko ba zai iya ɗauka ba.

Dole ce ta sa ake matse hoto, kuma ƙa'idar da ake bi wajen matse shi da warware shi ita ake kira kodek. A nan buƙatar kyamara da ta mai tacewa suka yi hannun riga. Kyamara tana son fayil mara nauyi, shi ya sa tsarin HDV, wanda kamfanonin Sony da JVC da Canon da Sharp suka fito da shi a 2003, ya matse hoto zuwa megabit 25 a daƙiƙa ta hanyar dabarar da ba ta ajiye kowane firem, wato kowane hoto guda daga cikin jerin da ke gilmawa a gaban ido. Tana ajiye cikakken firem ɗaya ne a cikin kowane 12 ko 15, sauran kuwa bambancin da ke tsakaninsu da maƙwabtansu kawai take rubutawa. Ga mai kallo babu laifi, tunda daga farko zuwa ƙarshe yake bin fim. Mai tacewa kuwa yanka yake yi a inda ya ga dama, yana gaba yana baya, kuma duk sa'ad da ya tsaya a kan firem ɗin da ba cikakke ba, sai kwamfuta ta koma ta sake gina shi daga na kusa da shi, lamarin da ke sa hoto ya riƙa sarƙewa, sauti ya wuce shi. Tsarin AVCHD na 2006 ya ƙara wa Borno dawaki, domin kodek ɗinsa na H.264 ya fi matsewa, ya kuma fi wahalar warwarewa.

Saɓani na biyu ya shafi mazubi, wato nau'in fayil ɗin da ake zuba hoto da sauti da bayanan lokaci a cikinsa, irin su MOV da MP4 da MXF. Da yawa suna ɗaukar cewa sunan mazubi shi ke nuna abin da ke ciki, alhali tulu ɗaya yana iya ɗaukar ruwa, yana iya ɗaukar zuma. MXF ma, wanda ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE ta amince da shi a 2004 domin haɗa kan kamfanoni, bai raba gardama ba: Panasonic ya raba hoto da sauti zuwa fayiloli daban-daban a katinsa na P2, Sony kuma ya haɗe su a fayil guda a tsarinsa na XDCAM, har ya zama manhajar da ta buɗe ɗaya tana iya ƙin ɗayan. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararru ke kwafe katin kyamara dungurungum da dukkan foldodinsa, domin wanda ya tsinci fayil ɗin hoto kaɗai ya bar sauran yana iya rasa sauti, ko bayanin da ke haɗa guntayen dogon ɗauka.

Maganin da kamfanonin manhaja suka kawo shi ne kodek na tsakiya, wanda ke ajiye kowane firem cikakke. Avid ya fitar da DNxHD a 2004, Apple ya biyo baya da ProRes a 2007, wanda nau'insa mai inganci ke kaiwa kimanin megabit 220, kusan ninki tara na HDV, wato an sayi sauƙin aiki da faɗin ma'ajiya da kuma sa'o'in da juya fayil ɗin kyamara zuwa wannan kodek ke ci. Kamfanin ARRI na Jamus ya yanke wannan wahala a 2010, da ya sa kyamararsa Alexa ta riƙa naɗa ProRes kai tsaye, kuma za a iya cewa wannan shawara ta taimaka wa karɓuwarta kamar yadda kyawun hotonta ya taimaka. A shekarar ce kuma Adobe ya sabunta manhajarsa ta tacewa, Premiere Pro, ta yadda ta ƙara ƙarfi wajen aiki da fayil ɗin kyamara ba tare da an juya shi ba. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi kuwa yakan yi tacewar da ƙaramin kwafi mara nauyi, sai an gama a mayar da na asali.

Akwai kuma batun yawan firem a daƙiƙa, wanda ya taɓa masu tace fim a Kano da Yamai kai tsaye. Talabijin a Najeriya da Nijar, kamar a Turai, an gina shi ne a kan firem 25, a Amurka kuwa 29.97, sinima kuma 24. Kyamarar Canon 5D Mark II, wadda ta fito a 2008 ta kuma ja hankalin masu ƙaramin jari a duniya, da firem 30 kaɗai take ɗauka har zuwa 2010, lokacin da aka sabunta ta aka ƙara 24 da 25. Idan aka jera hoton firem 30 a aikin da aka saita a kan 25, manhaja za ta karɓe shi ba musu, amma sai ta zubar da firem ɗaya a cikin kowane shida, ko ta cakuɗa su, kuma ana ganin tabon hakan ƙarara a duk inda kyamara ta juya a hankali ko mota ta gifta.