Ƙofofin Zuciya: Suna Cikin Jini, Amma Jijiyar Jini Ba Ta Ratsa Su

Duk wanda ya taɓa buga wa tayar keke iska ya san bawul: iska ta shiga, ba ta dawowa. Zuciyarmu ma tana da irinsa guda huɗu, masu hana jini komawa baya. Biyu suna tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, biyu kuma a bakin manyan jijiyoyin da ke kai jini huhu da sauran jiki. Bugun da likita ke saurara a ƙirjinmu ƙarar rufewarsu ce, kuma suna yin haka kimanin sau 100,000 kullum.

Za mu zaci abin da ke wannan aiki ba hutu yana cike da jijiyoyin jini masu ciyar da shi. Tsokar zuciya kam tana da nata. Amma ƙyauren kowace ƙofa fata ce siririya, kaurinta bai wuce kimanin milimita ɗaya ba, kuma in lafiya lau take, kusan babu jijiyar jini a cikinta sai 'yan kaɗan a gindi. Daga jinin da ke wucewa ta kanta take tsotsar abinci da iskar oksijin. A 2006 masu bincike a Japan suka nuna cewa wani sinadari mai suna kondromodulin-1 ne ke hana jijiyoyi tsirowa a wurin.

Wannan tsari yana da ranarsa. A 1962, a Landan, likita Donald Ross ya dasa wa majiyyaci ƙofar zuciyar wani da ya rasu, kuma har yau masu karɓar irin wannan dashe ba sa shan magungunan danne garkuwar jiki kamar masu dashen ƙoda.

Amma fa akwai illa. Ta jijiyoyin jini ne fararen ƙwayoyin jini, sojojin jikinmu, suke isa inda cuta take. Idan bakteriya ta shiga jini, misali daga ruɓaɓɓen haƙori ko allura mara tsabta, ta manne a kan ƙofa, sai ta lulluɓe kanta da gudan jini ta yi ta hayayyafa inda sojojin ba sa kaiwa. Likitoci na kiran wannan ciwo endokaditis. Ƙwayar magani ta kwana biyar ba ta isa; yawanci sai an yi mako 4 zuwa 6 ana zuba magani ta jijiya, wani lokaci har da tiyata.

Ƙofar da ta riga ta yi tabo ita ta fi kamuwa, kuma a nan maganar ta shafe mu kai tsaye. A ƙasashenmu babban mai jawo tabon shi ne ciwon maƙogwaro na bakteriyar sitiref, wanda ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. In ba a yi maganinsa ba, bayan mako 2 zuwa 3 garkuwar jikin wasu yaran takan rikice ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Shi ne zazzaɓin rumatik. Ƙofar ta kumbura, sababbin jijiyoyi su kutsa cikinta, ta yi kauri, ta ƙanƙance ko ta riƙa yoyo. Wadda ke tsakanin ɗakunan hagu ta fi shan wahala. Sama da mutum miliyan 40 ke fama da wannan ciwo a duniya, akasari a ƙasashe matalauta, har taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a 2018.

Mun saba raina ciwon wuya: a kurkure da ruwan gishiri, ko a kai yaro wurin wanzami a cire belu. Babu ɗaya cikinsu da ke kashe sitiref. Penisilin ke kashe ta, allura ɗaya ko ƙwayoyi na kwana 10 cif, ba a tsayawa don an ji sauƙi.

Saboda haka in maƙogwaro ya yi zafi da zazzaɓi, musamman ba tari ba mura, mu gaya wa iyaye ko malamin ɗakin shan magani na makaranta a kai mu asibiti. Haka ma in ciwo na tashi daga gwiwa ya koma idon sawu, ko muna haki a wasan da da ba ya gajiyar da mu. Wanda aka tabbatar ya yi zazzaɓin rumatik kuwa, allurar penisilin zai riƙa karɓa duk mako 3 ko 4 na tsawon shekaru, domin kowane sabon kamu ƙarin tabo ne a kan ƙofar.