FASHIN BAƘI: Yadda zaɓen fidda gwani na jihar Carolina ta Kudu ya ceto takarar Biden a 2020

A tsakiyar watan Fabrairun 2020, masu sharhi da dama a Amurka sun gama yi wa takarar Joe Biden jana'iza. Ya zo na huɗu a jihar Iowa ranar 3 ga wata, ya zo na biyar a New Hampshire ranar 11, sannan ya zo na biyu a Nevada ranar 22, inda Sanata Bernie Sanders ya yi masa fintinkau. Amma a ranar 29 ga Fabrairu, jiha guda ta juya akalar takarar gaba ɗaya. Jihar ita ce Carolina ta Kudu, wadda rabon da ta zaɓi ɗan jam'iyyar Dimokurat a matsayin shugaban ƙasa tun zamanin Jimmy Carter a 1976.

Yadda tsarin yake

A Amurka ba a fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa a rana ɗaya. Jihohi ne ke yin zaɓen fidda gwani bi da bi na tsawon watanni, kuma abin da 'yan takara ke nema a kowace jiha shi ne wakilai, wato deliget, waɗanda za su kaɗa masu ƙuri'a a babban taron jam'iyya. Bambancinsu da deliget ɗin da aka sani a Najeriya shi ne, ƙuri'ar jama'a ce ke yanke wa wane ɗan takara za su bi tun kafin su isa zauren taro.

Wannan tsari ya samo asali ne daga rikicin 1968, lokacin da jiga-jigan Dimokurat suka tsayar da Hubert Humphrey a taron birnin Chicago alhali bai shiga zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba. Ɓacin ran da ya biyo baya ya sa aka kafa kwamitin McGovern da Fraser, wanda ya sauya dokoki domin ƙarfafa muryar masu zaɓe.

A ƙa'idar Dimokurat, ana raba wakilai gwargwadon ƙuri'un da kowa ya samu, amma sai wanda ya kai kashi 15 cikin ɗari ne ke samun rabo. A 2020 akwai wakilai 3,979 da ƙuri'ar jama'a ta ɗaure, kuma ana buƙatar 1,991 kafin a lashe tikiti. Carolina ta Kudu na da 54 kacal, ƙasa da kashi 2 cikin ɗari ke nan.

Abin da ya faru a ranar zaɓe

Biden ya samu kusan kashi 49 cikin ɗari na ƙuri'u, Sanders ya samu kusan kashi 20, attajiri Tom Steyer ya tashi da kimanin kashi 11. Biden ya yi nasara a dukkan gundumomi 46 na jihar, ya kwashi wakilai 39, Sanders ya samu 15. Shi ne karon farko da Biden ya lashe zaɓen fidda gwani a wata jiha, duk da cewa ya nemi shugabanci a 1988 da 2008.

Sirrin yana ga waɗanda suka fito zaɓe. Iowa da New Hampshire jihohi ne da fararen fata suka fi rinjaye ƙwarai. A Carolina ta Kudu kuwa, baƙaƙen fata sun haura rabin masu jefa ƙuri'a a zaɓen Dimokurat, kuma kusan uku cikin biyar nasu Biden suka zaɓa. Sun san shi a matsayin mataimakin Barack Obama na shekara takwas. Ƙari a kan haka, kwana uku kafin zaɓen, Jim Clyburn, ɗan majalisar wakilai kuma dattijon da ya fi kowa faɗa a ji a siyasar baƙaƙen fatar jihar, ya fito fili ya mara masa baya.

Yadda wakilai 54 suka rinjayi dubbai

Tasirin jihar ya zo ne daga lokacin da ta yi zaɓenta. Kwana uku bayan nan ne Babbar Talata, ranar da jihohi 14 suka yi nasu zaɓen a lokaci guda. Steyer ya janye a daren da aka sanar da sakamako. Pete Buttigieg ya janye ranar 1 ga Maris, Amy Klobuchar ta bi sahu ranar 2 ga wata, dukkansu biyun suka goyi bayan Biden. Ƙuri'un masu sassaucin ra'ayi, waɗanda a da suke warwatse, suka haɗu wuri ɗaya. Ranar 3 ga Maris Biden ya lashe jihohi 10 cikin 14, kuma a ranar 8 ga Afrilu Sanders ya dakatar da yaƙin neman zaɓensa.

Dalilin a bayyane yake: masu ba da kuɗi da kafafen yaɗa labarai da sauran 'yan siyasa suna bin wanda suka ga alamar nasara tare da shi. Jihar da ta yi zaɓe da wuri tana rage yawan 'yan takara, waɗanda suka zo daga baya kuwa sai su zaɓa cikin abin da ya saura.

Rigimar wa zai fara

Wannan ne ya sa jadawalin zaɓen ya zama abin kokawa. A Fabrairun 2023, bisa shawarar Biden, uwar jam'iyyar Dimokurat ta amince Carolina ta Kudu ta zama ta farko a 2024. Masu goyon baya suka ce baƙaƙen fata ne ƙashin bayan jam'iyyar, bai dace su jira jihohi biyu na fararen fata su tace masu 'yan takara ba. Masu suka kuwa suka ce Biden ya saka wa jihar da ta cece shi ne, kuma babu hikima a fifita jihar da jam'iyyar Rifablikan ke lashewa a babban zaɓe.

New Hampshire ta yi kunnen uwar shegu, domin dokarta ta wajabta mata yin zaɓe aƙalla kwana bakwai kafin kowace jiha mai irin zaɓenta. Ta yi nata ranar 23 ga Janairun 2024 ba tare da sunan Biden a takardar ƙuri'a ba, amma magoya bayansa suka rubuta sunansa da hannu har ya yi nasara. Carolina ta Kudu ta yi nata ranar 3 ga Fabrairu, ya samu kusan kashi 96.

Sai dai a ranar 21 ga Yulin 2024 Biden ya janye, wakilan jam'iyya suka tsayar da Kamala Harris ba tare da ta lashe zaɓen fidda gwani da sunanta ba. Hakan ya sake tayar da tambayar 1968 game da ikon masu zaɓe da na jiga-jigai. Ga mai bibiyar takarar 2028, abin lura na farko shi ne jerin jihohin da za su fara zaɓe da kuma waɗanda ke zaune a cikinsu, domin tun daga nan ake fara tsayar da ɗan takara.