Ɗori da gyaran baya: ina iyakar hannu?

Mai babbar waya a Agye ko Gazawa, cikin jihar Maraɗi, da wuya bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: an kwantar da mutum rub da ciki a kan siririn gado, wani ya ɗora hannu biyu a gadon bayansa ya danna, sai ka ji ƙas, mutumin ya miƙe yana murmushi. Wannan sana'a ita ake kira kairofraktik, kuma ta fara ne a 1895 a garin Davenport na Amurka, a hannun Daniel David Palmer. Ya ce ya gyara wa wani kurma, Harvey Lillard, ƙashin baya, jinsa ya dawo. Daga nan ya ɗauka cewa kusan kowace cuta daga gocewar ƙashin baya take tasowa. Nan ne ya zarce gona da iri.

Binciken da aka yi ta yi tun daga lokacin ya tsaya kan abu kaɗan. Danna gadon baya da hannu yana rage ciwon baya da na wuya ga wasu mutane, kuma amfaninsa bai fi na motsa jiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta sa shi cikin abubuwan da za a iya gwadawa. Amma asma, hawan jini, ciwon kunne ko ciwon cikin jarirai, babu hujja mai ƙarfi cewa yana warkar da su. Ƙarar nan da ake ji ma ba ƙashi ne ya koma gurbinsa ba, iska ce ta taru cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji idan an ja yatsa. Murɗa wuya da ƙarfi kuwa, ko da yake ba kasafai ba, yana iya yaga jijiyar jini mai kai wa ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar jiki.

Manomin Gangara ko na Cadakori ba ya bukatar zuwa Amurka kafin ya sami mai taɓa masa ƙashi. Mai ɗori na nan kusa, sana'ar gado ce, ya san iyayenka, kuma sau da yawa abin da ka samu shi za ka bayar. Yana kuma da aiki da yawa. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa Gidan Runji da Agye da Gazawa, ga babura da ƴan kabu-kabu, ga amalanken shanu, ga yara masu hawan itace. Mace ta wuni tana daka da jan guga, namiji ya wuni duƙe a gonar gyaɗa ko aya, dole baya ya yi ƙorafi.

Ba na cikin masu raina mai ɗori. Targaɗe, ko karaya wadda ƙashin bai kauce ba kuma fata ba ta fashe ba, abin da suke bukata shi ne a tsayar da wurin a bar shi ya huta, domin ƙashi da kansa yake haɗewa, na babba cikin mako shida zuwa goma sha biyu, na yaro ƙasa da haka. Kara da tsumma na iya yin wannan aiki. Ciwon baya na gajiya ma galibi yakan lafa cikin makonni kaɗan, tausa da man zafi na taimakawa, kuma tashi a ci gaba da motsi ya fi kwanciya.

Inda zuciyata take sosuwa shi ne ɗaurin da ya matse. Yaro ya faɗo daga jaki ya karye a gwiwar hannu, an jera kara an ɗaure tamau don kada ƙashin ya motsa. Wurin da ya karye kuwa kumbura yake yi, musamman a kwana biyun farko. Kumburi na turowa daga ciki, tsumma ya hana daga waje, jini ya rasa hanya. Awa shida kawai sun isa naman hannun ya fara mutuwa. Yaron zai kwana yana kururuwa, manya su ce ai ɗori ya gaji haka, a yi haƙuri. Washegari yatsu sun yi sanyi, sun yi fari ko baƙi-baƙi, ƙuraje masu ruwa sun fito a gefen karan. Idan ya yi shiru a rana ta uku, a ce ya sami sauƙi, alhali jijiyoyin ne suka mutu. Lokacin da za a kai shi asibitin Maraɗi ko Galmi, abin da ya rage wa likita shi ne yankewa. Daga nan labari ya bazu cewa asibiti yanke hannu suke yi, na gaba ya ƙara jin tsoron zuwa da wuri.

Saboda haka duk wanda aka yi wa ɗori a gidanka, duba yatsunsa kowace awa a daren farko. Matsa farce ka saki: in jini bai dawo ya yi ja nan take ba, ko ya ce ba ya jin taɓi, ko miƙe masa yatsa ya sa shi ihu, a kwance ɗaurin a lokacin, a nufi gidan likita. Filastar asibiti ma in ta matse haka take yi.

Akwai kuma waɗanda hannu bai kamata ya fara da su ba sam. Karayar da ƙashi ya ɓullo waje tana bukatar wanki da allurar tetanus, ba shafa magani ba. Karayar cinya ko ƙugu, da wanda ya bugu a wuya ko baya a haɗarin mota, sai hoton ƙashi. Ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi, rama da zufan dare yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, wanda ke sa yaro ya yi doro. Danna irin wannan baya na iya gurgunta mutum, alhali maganin tarin fuka na warkar da shi. Haka wanda ƙafafunsa suka fara sanyi ko fitsari ya fara kufce masa, da mai sikila da ƙashi ke sara. Ƙwararren mai kairofraktik an koya masa ya tura irin waɗannan wurin likita, kuma mai ɗori ma zai iya koya.

An gwada hakan a kudancin Habasha, a yankin Arba Minch. An tara masu ɗori aka yi musu horo na kwana guda kan haɗarin matse ɗauri, kuma rahoton da aka buga a 2005 ya nuna yanke gaɓoɓi ya ragu sosai. Asibitocin Agye da Gidan Runji na iya yin irin wannan zama ba tare da kuɗi mai yawa ba, in aka bi ta hannun sarakuna da masu gari, aka gayyaci masu ɗori a matsayin abokan aiki, kowa ya koma gida da lambar wayar da zai kira in an kawo masa karayar da ta fi ƙarfinsa.